Ƙasar Kabarin Haladu

"Me ya tsayar da ku?" Manu ya daka tsawa. "Gawa na kan makara, rana na yi!"

Masu haƙar kabarin ba su ɗago ba. Babbansu, mai suna Bature, ya tsuguna cikin ramin, yana tofa wa wani farin dutse yawu yana murzawa.

"Baba Manu, wallahi zinare ne. A ɗan matsa da Malam Haladu gindin kuka mana."

"A matsa da shi? Buhun masara ne?"

Shekara sittin katanga ɗaya ce tsakanin Manu da Haladu. Uban Haladu yana cikin waɗanda suka kafa Tudun Kasko tun zamanin Turawa, da mutane suka yo ca a kan rafin nan neman zinare. Rami ya rufta da mutum tara, har da shi uban, aka jera su a wannan maƙabartar. Abin da Haladu ya gada kaskon wanke ƙasa ne kawai, shi ma kaji ya ba, suke shan ruwa a ciki. Shekaranjiya, numfashi na sarƙe masa, ya damƙe hannun Manu ya ce, "Kusa da Baba. Kada ka yarda su kai ni wani wuri."

Alhaji Talha mai injin niƙa dutse ya gyara murya. "Haba Baba, ƙasa ai duk ta Allah ce."

"To je ka haƙa ɗakin kwananka, shi ma ƙasar Allah ce! Kun cinye gonaki, kun kashe rafi, yanzu matattu kuka dawo wa?"

Manu ya jefar da sandarsa, ya silala cikin ramin, ya miƙe da gefen dama yana fuskantar gabas.

"Yau sai an rufe mutum a nan. Ko shi, ko ni."

Liman ya ce, "Ku ɗago shi. A kawo gawa."

Aka sa Haladu, aka jera itace. Wajen maida ƙasa kowa ya durƙusa yana turawa, amma Manu na kallon hannuwa, ɗaya ya tura ƙasa, ɗaya ya faɗa aljihu da ita. Da aka gama, tudun kabarin bai kai na kusa da shi ba.

Manu ya koma gidan Haladu, ya tsuguna zai ɗauraye hannu a kaskon kajin. Ƙarƙashin farcensa wani abu ya ɗan yi ƙyalli. Ya daɗe yana dubansa, kajin na tsaye suna jiran ruwansu.