Abin da Ramlatu take ga Sa'adiya

A Sawakin Ramlatu ta binne mijinta, bayan sun taka daga Gobir har bakin teku. A kwalekwalen da ya ƙetara da su zuwa Jidda ta haɗu da Sa'adiya, wata Badauriya wadda ita ma mijinta ya rasu a hanya. Sa'adiya ce ta riƙe mata kai tana amai, tana yi mata tsiya wai Bagobira ta ji tsoron ruwa.

Da aka gama Hajji ba su koma ba. Suka kafa ɗaki da itace da gwangwanayen kananzir a bayan unguwar Mansur ta Makka, inda Takari suke zama. Suna yi wa Larabawa dakau, suna soya gyaɗa. Tabarmarsu ɗaya, akushinsu ɗaya. Abin da ke tsakaninsu kuwa ba su taɓa sa masa suna ba, ko a junansu. Ramlatu dai ta san idan Sa'adiya ta daɗe a kasuwa, ba ta iya cin abinci. Takan nemi gafara a sujada, ta ɗago kai ta ga Sa'adiya tana tankaɗe, sai kuma ta ji godiya ce ke fita daga bakinta.

Bayan an gama babban yaƙi hanya ta buɗe, sai ga Awwalu, wan Sa'adiya, ya zo sauke farali. Ya yi kuka da ya ga ƙanwarsa da rai. Amma bai daɗe a unguwar ba aka cika masa kunne. Aka ce matan nan manema nawa suka kora, kuma ko rana tsaka ƙyaurensu a rufe.

"Shirya kayanki, da ni za ki koma," ya ce wa Sa'adiya.

"Yaya, nan ne gidana yanzu."

"Wannan ne gida? Ba na son in faɗi abin da na ji."

Ta ƙi, ya kai magana gaban alƙali. Tsoho ne mai ƙaramar murya, da tafinta a gefensa. Da Awwalu ya fara kewaye-kewaye a kan abin da mutane ke faɗi, alƙali ya tsai da shi, ya tambaye shi ko yana da shaidun da suka gani da ido. Ya ce babu. Alƙali ya ce to ya kama bakinsa, zato ba hujja ba ne. Sannan ya juyo wajen Ramlatu.

"Ke mece ce a gare ta? Uwa ɗaya, ko nono ɗaya?"

Ramlatu ta duba cikin dukan kalmomin da ta sani, na Hausa da na Larabci. Ita ta yi jinyar Sa'adiya shekarar da zazzaɓi ya kusa ɗauke ta. Ita ta san inda tabon ƙuna yake a bayanta.

"Allah ya gafarta malam, maƙwabciya ce," ta ce.

"Maƙwabciya ba ta da magana a nan," in ji alƙali. Amma ya ce Sa'adiya babbar mace ce, ba za a ja ta da ƙarfi ba, su je su daidaita.

A waje Awwalu ya rantse zai nemo shaidu ko da zai kwana shekara a Makka, kuma a kan Ramlatu zai ɗora komai. Sa'adiya ta san halin wanta. Ta taɓa ganin yadda ake yi wa mutum bulala a bainar jama'a. Suna isa ɗaki ta fara naɗe zannuwanta.

"Alƙali fa ya ce ba dole," in ji Ramlatu.

"Na ji. Bayanki ba zai ɗauki bulala ba, Ramlatu. Ni kuma ba zan iya tsayawa ina kallo ba."

Ramlatu ta raka su har inda motar Jidda ke lodi. Ga mutane, ga Awwalu a tsaye. Gaisawa kawai suka yi da hannu, kamar waɗanda suka haɗu a gidan suna.

Daga nan ta daina dakau, don taɓarya ɗaya a turmi ba ta yi mata daɗin ji. Ta taɓa tambayar wata malama a Harami ko kewar mutum zunubi ce. Malamar ta dube ta da kyau, ta ce abin da ke cikin zuciya Mai zuciyar ya fi kowa saninsa, ta je ta yawaita ɗawafi. Ta yawaita. Kewar ba ta ragu ba.

Kowace shekara takan ɗauki kunun sayarwa ta tafi Arfa, tana bin tantunan 'yan ƙasar Hausa tana tambayar ko da mutanen Daura. Shekaru suka wuce ba labari. Sai wata shekara, wata hajiya 'yar Daura mai suna Mairama ta ajiye ludayi ta ce, "Ke ce Ramlatu Bagobira?"

Ramlatu ta zauna a kan yashi.

"Tana nan da ranta," in ji Mairama. "Ba ta sake aure ba, tana riƙon 'ya'yan Awwalu. Idonta ɗaya ya fara hazo."

"Ta ba ki saƙo?"

"Ba ta ba ni komai ba, tana tsoron a gani. Cewa ta yi in na same ki in kalle ki sosai, in je in gaya mata yadda kika koma."

Ramlatu ta goge zufa da bakin mayafi, ta gyara zama, ta juyo da fuskarta wajen haske.

"To kalle ni, Hajiya," ta ce. "Kada ki yi sauri."