Kukan da Ya Kori Masu Saye

Wata shida da rasuwar maigidana aka kawo mana mai kwamfuta shago. Shi ne babban kafinta a wurin, ni kuma nake ɗinka wa kujeru riga. Keken ɗinkina yana dab da bencinsa. Tun da ya tafi ciniki ya tsaya, kujeru suka yi ta shan ƙura a bakin ƙofa.

Ƙaninsa ne ya nemo ta, wata doguwar mata mai tabarau. Ta haska farin bango da na'ura, ta ce kowa ya fito da wayarsa. Duk dabarar farfaɗo da ciniki da ta zo wa mutum ya rubuta, za ta fito a bango ba suna.

"Ba suna?" in ji mai fenti. "To yau mai walda zai ji abin da na daɗe ina haɗiyewa."

"Ka fara koyon rubutun tukuna, tsoho," in ji mai walda.

Matar ta ce doka ɗaya ce. Ba a kushe dabarar kowa, sai dai ka ɗora taka a kai.

Mu bakwai ne. Ni aji huɗu na tsaya, kafin in gama harhaɗa kalma ɗaya bango ya cika. A riƙa ɗaukar hoton kaya. A yi ƙananan tebura na ɗalibai. A saya wa mai fenti agogo. Ana ta dariya, ni ma na ɗan murmusa. Sai wani layi ya fito a ƙasa.

"Matar Oga ta zauna a gida. Kukanta yana korar masu saye."

Dariyar ta mutu. Na karanta sau uku da yatsa a iska, don kada in zalunci kowa. Haka yake. Na bi hannuwansu da kallo, kowa ya kife wayarsa a cinya. Ƙanin mijina yana kallon silin kamar an ce ruwa zai zubo.

Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa na je wajen randa, ban sha ruwan ba. Abin da ya fi ci mini rai, ba ƙarya aka yi ba. Ko a makon nan wata ta shigo tambayar gado, ta same ni na kifa kai a bencin, ta juya da sallamarta a baki. Amma in na koma gida me zan yi? In zauna ni da bango huɗu da rigunansa?

"Baiwar Allah, goge wannan," in ji mai fenti.

"Ba na gogewa, Baba. In na goge ɗaya, gobe ba wanda zai faɗi gaskiya."

"To wa ya rubuta?" na ce.

Matar ta ce, "Wallahi ko ni ban sani ba, Yaya. Haka aka yi abin."

Na rubuta, "Ba za ta tafi ba." Ya fito a bango, kowa ya san ni ce. Matar ta matso kusa da ni, ta rage murya.

"Wannan kushewa ce. Ki ɗora a kai."

"In ɗora a kan korata?"

"Ki ɗora. Ki ja ta inda kike so."

Na ji kamar in jefe ta da wayar. Na fita waje, na zagaya tsakanin kujerun nan da ba a saya ba, ina shafa su. Sai na tuna ba waɗannan kaɗai ya yi ba. Shekara ashirin da biyu yana yi wa mutane kujeru, kuma ni na ɗinka rigar kowace. Na san gidajen. Na san waɗanda yanzu soso ya leƙo musu.

Na dawo na rubuta, a hankali, suna jirana. "Ta fita daga shago, amma ba gida ba. Ta bi gidajen da mijinta ya yi wa kujeru, ta sake musu riga."

Can wani ya ɗora, "A kai ta da motar shago." Wani ya ce a tafi da gam da ƙusa, ko ƙafar kujera ta saki. Da aka zo zaɓen dabarar da za a bi, tawa ta samu ƙuri'a shida. Mutum ɗaya bai zaɓa ba, kuma har yau ina juya fuskokinsu a raina.

Ranar Litinin aka ɗora kekena a bayan mota. Ban waiwayi bencin ba, don na san in na waiwaya ba zan hau ba.

Gidan farko na wata malamar asibiti ce da ta yi ritaya. Na kifar da doguwar kujerarta zan cire tsohon yadi, sai ga rubutunsa da fensir a jikin katako, awo da kwanan wata, da ɗan layin da yake ja a ƙasa. Na zauna a ƙasa na yi kukana sosai. Na ce shi ke nan, na kori wannan ma.

Matar ta tsaya a kaina har na yi shiru. Ta miƙo mini ruwa a kofi.

"Sha, 'yar'uwa. In kin huta, akwai wasu biyu a ɗakin ciki, su ma shi ya yi su."