Ƙanƙarar Ticha Evans

"Ɗaga waya sama, Mma Sanatu. Hancina kaɗai yana gani," in ji Ticha Evans.

Na ɗaga. Hannuna ya riga ya sage, tukunyar sobolona, wato zoɓon sha, tana can kan wuta babu mai dubawa, ni kuwa ina tsaye a barandar maƙwabcina ina riƙe masa waya domin ya ji daɗin yi wa ɗansa faɗa da hannu biyu. Shekarun da ya yi yana koyar da lissafi a makarantun Tamale sun saba masa da haka, hannu ɗaya na nuna allo, ɗayan na nuna mai laifi. Ba ni da bakin ƙorafi, don a firizarsa nake daskarar da sobolon da nake sayarwa, kuma bai taɓa karɓar komai a hannuna ba. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Ɗan nasa, Maxwell, yana Kanada. A nan Changli aka haife shi, na goya shi ba sau ɗaya ba, shi ya sa Hausarsa ta fi ta uban nesa ba kusa ba. Shi uban mutumin kudu ne, aiki ya kawo shi, kuma har ya tsufa "kai" yake ce mini kamar wani ƙato. In rigima ta yi zafi sai su bar Turanci su koma Hausa don in zama shaida, ba wanda ya taɓa tambayata ko ina so.

"Mma, ki gaya masa," in ji Maxwell daga cikin wayar. "Kwame bai bar makaranta ba. Ɗagawa kawai zai yi. Kulob ɗin da ya ɗauke shi babba ne, yara da yawa suna nema ba su samu ba. In ya gama wasan bana, baɗi sai ya rubuta jarrabawar."

"Baɗi," in ji Ticha. "Ni na koyar da yara da yawa wanda ya ce baɗi. Duka yana tuƙa keken haya yelo-yelo a Aboabo yanzu."

Kwame shi ne jikansa tilo namiji, yana ajin ƙarshe na sakandare. Wasan da ya ɗauke masa hankali wai hoki ake ce masa, kuma a kan ƙanƙara ake yi. A cika fili da ruwa, a daskarar, samari su ɗaura ƙarafa a ƙafa suna sulɓi suna bin wani baƙin roba da sanduna. Mu da muke sayen ƙanƙara gutsure-gutsure a leda, wasu can takawa suke yi. Kulob ɗin ya kai yaron wani gari mai nisa da iyayensa, yana zaune a gidan wasu mutane, rabin mako kuma yana cikin mota ana yawo da shi gari-gari. Karatu sai abin da ya samu.

Ranar ya zo gida hutu, na hango yaron a bayan ubansa, dogo, ya sunkuyar da kai. Ticha ma ya gan shi. Sai ya koma Turanci, a hankali, yadda ko ni na gane. Ya ce ba zai ƙara yi masa magana ba sai ranar da ya rubuta jarrabawarsa. Ya ce wannan baƙin roban da yaron ya kawo masa tsaraba yana ƙarami, tuni ya jefa shi a kwata.

Yaron ya fita daga hoton. Na kashe wayar na ajiye wa Ticha a cinya da ƙarfi.

"Ticha, wannan magana ba ta yi kyau ba."

"Magani ma ba ya daɗi."

"Kai likita ne? Yaro yana wata duniya cikin sanyi, ba uwa ba uba a kusa, kai kuma ka rufe masa ƙofa."

"Sobolonka yana ƙonewa," in ji shi. Kuma gaskiya ne, yana ƙonewa.

Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Ashe ban gama sanin mutumin ba duk da katanga ɗaya ta raba mu tun ina amarya. Kirsimeti ta zo, yaron ya kira, Ticha ya miƙo mini wayar ya ce in ce yana banɗaki. Na ce ni ba na ƙarya a kan banɗakin wani. Ya tashi ya shiga banɗakin da gaske, ya zauna har yaron ya gaji ya kashe.

Da zafi ya fara sai ƙafafunsa suka kumbura. Numfashi ya zama aiki. 'Yarsa Evelyn ta baro Kumasi ta zo jinya, aka kai shi asibiti aka dawo da shi da jakar magunguna, likita ya ce zuciya ce ta gaji. Na ce a raina ai dole ta gaji, ta sha ɗaukar taurin kai.

Wata rana da azahar aka ɗauke wuta tun safe, ƙanƙarar da yake sayarwa ta fara narkewa. Evelyn ta tafi sayen magani, sai na shiga kwashe ledojin ina zubawa a baho kafin su zama ruwa. A can ƙasa, a kusurwa, hannuna ya taɓa wani abu a naɗe cikin tsohon hankici. Na warware. Baƙin roba ne, zagayayye, kamar gwangwanin man takalmi, sanyinsa har cikin ƙashi.

Na kai masa har gado. "Ticha, yaushe kwata ta koma cikin firiza?"

Bai ko ji kunya ba. "Mayar da shi. Can ne wurinsa."

"Roba a ƙanƙara? Nama ne?"

"In ya yi zafi yana tsalle-tsalle. Sai da sanyi yana tafiya daidai. Haka suna ajiye shi kafin wasa."

"Wa ya gaya maka?"

"Ina ruwanka."

Na san wanda ya gaya masa. Na tuna zuwan Kwame yana ɗan yaro, yana bin kakan nan ko'ina yana zuba masa surutu da Turancin hanci, shi kuwa yana ta gyaɗa kai kamar bai damu ba.

Ranar ce ya sa na buɗe masa hotunan wasan da Maxwell yake turowa, waɗanda ya rantse ba ya kallo. Wai yana so ya ga iyakar shirmen. Na riƙe wayar kamar kullum. Ni dai ban ga komai ba sai fararen fitilu da mutane masu kwalkwali suna wucewa kamar an harba su. Aka maka wani a jikin bango har na ce innalillahi.

"Shi ne," in ji Ticha. "Jira. Zai tashi."

Ya tashi kuwa. Ticha ya sa na mayar da hoton baya, ya sake sa na mayar. Akwai wurin da yaron ya ga an tare masa hanya, sai ya buga roban a bango, ya karkato ta bayan mai tsaron ya faɗa daidai sandar ɗan'uwansa. Ticha ya ɗaga yatsa yana zana layin a iska, ya tafi, ya bugi bango, ya dawo.

"Ka gani? Yadda ya shiga, haka ya fita. Wannan lissafi ne. Yana gudu, ana dukansa, kuma ya auna." Ya ja numfashi da ƙyar. "Kansa yana aiki, Mma. Shi ya sa ina fushi. In da daƙiƙi ne, sai na bar shi ya yi ta sulɓi. Ƙafa yana karyewa rana ɗaya."

"To ka gaya masa haka mana. Ga waya."

"In na gaya masa ya iya, shi ke nan, littafi ya mutu. Rantse ba za ka faɗa na kalla ba."

"Ba zan rantse ba."

"Rantse, ko ka kwashe sobolonka daga firizana."

Mutum yana bakin kabari yana yi mini barazana da firiza. Na rantse, don na ga idonsa ya kawo ruwa, kuma ban so ya san na gani.

Da jikin ya ƙara tsanani Maxwell ya ce kulob ya ba Kwame hutu, zai taho ya ga kakansa. Na ji daɗi har na fara tunanin tuwon da zan yi masa. Ticha ya sa aka tayar da shi zaune, ya ce Evelyn ta tsaya nan, ni in riƙe waya.

"Kada ya zo," ya ce. "In sun ba shi hutu, ya kai wa littafi. Kuma ku ji. In na mutu, ku sa ni firij na asibiti. Kada a binne ni sai Kwame ya rubuta jarrabawa. In ya rubuta, ya zo ya ɗauki akwatina. In ya ce baɗi, ni ma baɗi."

"Dada, haba," in ji Evelyn tana kuka.

"Shi yana kan ƙanƙara, ni ina cikin ƙanƙara. Mu ga wanda zai gaji. Mma Sanatu, kai ne shaida."

Na san mutanen kudu suna ajiye gawa wata da watanni har dangi su taru, na sha gani. Mu kuwa wanda ya rasu da safe kafin la'asar ya kwanta a ɗakinsa na gaskiya. Amma ban taɓa jin wanda ya mayar da gawarsa bulala ba sai Ticha Evans. Na gaya masa haka a gaban 'ya'yansa. Na ce wannan zalunci ne, yaro zai ɗauki wannan kaya a kansa har ya tsufa. Muryar Kwame ta fito daga wayar, yana kiran kakansa, yana cewa kalma ɗaya kawai. Ticha ya juya fuska bango. Na ga leɓensa yana motsi, amma bai bari sauti ya fita ba. Wallahi da ba mara lafiya ba ne da na girgiza shi.

Bai daɗe ba bayan haka. Da safe na shigo ɗaukar sobolo, na yi masa dasiba, gaisuwarmu ta safe, ta taga kamar kullum, ban ji ya amsa da "naa" ɗin nan nasa mai karin harshen mutanen kudu ba. Evelyn ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Na ajiye kular sobolon a ƙasa na zauna a kanta.

Suka kai shi firij kamar yadda ya ce. Zafi ya wuce, ruwa ya sauka, aka yi shuka a Gumani har masara ta kai gwiwa, maƙwabcina yana can a aljihun ƙarfe. Duk ranar da aka ɗauke wuta sai in ce ko injin asibitin yana aiki. Na yi ta jin haushinsa, in ina jin haushin kuma sai in yi kuka. Mata a kasuwa suna tambayata yaushe ne jana'izar Ticha, in ce sai an tashi daga makaranta.

Maxwell yakan kira ni. Ya ce yaron ya je ya sami mai horar da su da kansa, ya ce wasannin nesa ba zai je duka ba. Aka mayar da shi benci na ɗan lokaci, wani ya hau wurinsa. Sauran tafiye-tafiyen kuwa da littafi yake yi a mota, abokansa na barci shi yana lissafi. Bai bar wasan ba, bai kuma ce baɗi ba.

Da ya rubuta jarrabawar, shi da ubansa suka iso ana yayyafi. Kwame ya fi ƙofar gidan tsawo, haƙorinsa ɗaya na gaba ya gutsure. Ya ɗauki akwatin da kafaɗarsa tare da mutanen cocinsu, bai yi kuka ba a coci, bai yi ba a maƙabarta. Sai washegari, mutane sun ragu, ina barandar ina wanke robobin sobolo, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni yadda ubansa ya koya masa. Ya yi magana, Evelyn ta fassara.

"Mma, wai yana tambaya, ke ce kullum kike riƙe waya. Ko Dada ya taɓa kallon wasansa, ko sau ɗaya?"

Na dubi yaron. Na tuna rantsuwata. Na ce a raina, Ticha, ko a kabari ba ka bar ni na huta ba.

"Ki ce masa an sa ni rantsuwa, bakina a ɗaure yake," na ce. "Amma ki ce ya taya ni kwashe ƙanƙarar nan, bayana yana ciwo. Ya kwashe har ƙasa."

Ya buɗe firizar yana ɗebo ledoji yana zubawa a baho. Hannunsa dogo ne, bai sha wahalar da na sha ba. Ya kai kusurwar, ya tsaya. Ya fito da hankicin, ya warware a hankali.

Ya zauna a kujerar kakansa ya riƙe roban da hannu biyu. Iskar damina tana da ɗumi, nan da nan raɓa ta taru a jikin roban, tana bin yatsunsa tana ɗiga a siminti. Na ci gaba da wanke robobina. Da ya ga sanyin ya fara fita, sai ya tashi ya sake naɗe shi a hankicin, ya mayar kusurwar, ya rufe murfin a hankali.