Muryar Wisdom

Ni na kafe, gara in faɗa tun da wuri. Ni da abokina Wisdom muka rubuta wata manhaja a shagona na gyaran waya a Tudun Fulani. Aikinta ta karanta wa manoman Kuta hasashen ruwan sama da yaren Gbagyi. Ni Banufe ne, Gbagyina bai wuce gaisuwa ba, don haka shi ya zauna wata biyu yana naɗar muryarsa.

Da muka zo sakinta kyauta, sai rigima ta tashi kan lasisi. Wisdom yana son mai sharaɗi: kowa ya ɗauka ya gyara, amma in zai raba wa jama'a, dole ya bar gyaransa a buɗe.

Na ce, "Haba Wisdom! Kyauta da sharaɗi? Wannan ai rowa ce."

Ya ce, "Ndatsu, rijiyar masallacinku ba waƙafi ba ce? Kowa ya sha, amma ba mai zagaye ta da katanga."

Na yi dariya na ce fasto ya koma malami. Na fi shi baki, kullum haka ne. Ya gaji ya bar ni, muka saki komai, har muryar, babu sharaɗi.

Bara ciwon ƙoda ya ɗauke shi. Har yau in an taɓa ƙofar shago sai in ɗaga kai, in zaci shi ne.

Bayan wata huɗu wani kamfani a Abuja ya kwashi aikin, ya koya wa na'ura muryar har tana iya faɗin duk abin da aka rubuta mata, sannan ya kulle gyaransa. Manoma suka koma can, don tasu ta fi tamu sauri.

Ranar Asabar mahaifiyarsa, Mama Magdalene, ta taso tun daga Kuta da waya ƙulle a bakin zane. Ta danna. Wisdom ya gaishe ta, ya ce za a yi ruwa jibi, sannan ya shiga yabon wani maganin ciyawa, wai babu kamarsa a duniya. Ita ta fassara mini.

"Wannan magani ya kone doya na Yona, makwabci namu," in ji ta. "Mutane suna cewa yaro na ya rude su. Ndatsu, kai ne aboki nasa. Cire wannan magana daga bakinsa."

Na riga na rubuta wa kamfanin sau uku. Amsarsu layi ɗaya ce, cikin ladabi: lasisinku ya ba mu dama. Kuma gaskiyarsu ne, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Na ce, "Mama, zan iya goge manhajar gaba ɗaya daga wayarki."

Ta fizge wayar ta rungume a ƙirji.

"A'a. Bar shi. Ko karya ne, bari ya yi mini magana."