Kwaɗon Babana a Gadar Kogi

Ana gobe za a tafi da mamata Rosalba asibitin birnin Medellín aikin zuciya, sai ta ce wa babana ya raka ta gadar garinmu, inda samari da 'yan mata suke rataya kwaɗo su jefa makullin cikin kogi.

"Haba tsohuwa, da furfurarmu?" in ji babana Efraín. "Ai sai yara su yi mana dariya."

"Su yi mana. Tun da ka aure ni ko fure ba ka taɓa tsinko mini ba."

Ya zagaya bayan gida ya ciro tsohon kwaɗon da yake kulle ɗakin kayan aikinsa, ya zauna a ƙofa yana zana sunayensu da ƙusa. Harafin farko na sunan Mama ya karkace, ya yi tsaki ya ci gaba.

Da la'asar muka tafi, ni ina riƙe da hannunta don ba ta iya sauri. Ƙarafan gadar sun cika maƙil da kwaɗuna masu sheƙi, nasu kaɗai ne mai tsatsa. Da ƙyar ya samu wuri ya danna shi.

"To jefa mana," in ji Mama.

Ya runtse ido ya wurga da ƙarfinsa. Sai da abin ya faɗa ruwa muka gane cewa bai zare makullin daga zoben makullansa ba. Na gida, na babur, duk sun tafi tare.

Mama ta yi dariya har ta dafa ƙarfe tana haki. Shi kuwa ya tsaya yana kallon ruwan, hawaye na bin kumatunsa.

"Makulli kake yi wa kuka, tsoho?"

"Ke dai ki dawo," ya ce. "Kin ji ko? Ki dawo."

Ta daina dariyar, ta goge masa fuska da bakin mayafinta. Ranar ta taga ni na haura na buɗe mana gida.

An yi aikin, ta daɗe a kwance, amma ta dawo. Likita ya hana ta tsayawa gaban murhu, don haka Baba ne yake gasa mana arepa, wainar masararmu, da safe. Kullum sai ta ƙone masa, Mama kuma tana cinye tata tana mita.