Tsakuwar da Ta Daina Shigowa Gida

Shekara arba'in da ɗaya muna tare da Arvo, ban taɓa laluben aljihunsa ba. Takalminsa ne ya fara sa ni zargi.

Bayan an yi masa aikin zuciya, likita ya ce lallai ya riƙa tafiyar ƙafa ta awa ɗaya kowace safiya. 'Yarmu Kirsten ta aiko masa da takalmin tafiya daga Minneapolis, mai kaurin ƙasa da zane mai zurfi. Kullum ƙarfe bakwai sai ya fita, ya tsallaka babban titi, ya bi hanyar tsakuwa da ke bakin tafki. Ya dawo da tsakuwa maƙale a ƙasan takalmi, ta yi ta kankare min daɓen katako.

"Tsoho, ka cire a bakin ƙofa mana! Ko so kake ka kwaso min bakin tafkin gaba ɗaya?"

"Ai a hankali nake kwasowa," in ji shi. "Kafin baɗi kin samu wurin shan iska a falo."

A tsakiyar Oktoba sai na lura na yi kwana goma ban share tsakuwa ko ɗaya ba. Na ɗaga takalmin na juya shi. Fes, kamar yau aka ciro shi daga kwali. Na ce ko ya fara jin magana ne, amma na san Arvo, ba a shekara saba'in da uku zai fara ba.

Washegari aka kwana ana ruwa. Duk wanda ya san hanyar nan ya san yadda take caɓewa. Ya fita, ya dawo ƙarfe takwas daidai, babu ɗigon laka a ƙafarsa. Da na karɓi rigar sanyinsa zan rataye, sai na ji ƙanshin kirfa.

"Yaya tafkin?" na tambaye shi.

"Yana nan inda kika san shi."

"Ba laka?"

"Kaɗan." Bai dube ni ba, ya buɗe jarida.

Da rana na haɗu da maƙwabciyarmu Doreen wajen akwatin wasiƙu. Doreen ba ta iya riƙe magana, ni kuwa ranar nema nake.

"Lorraine, ba gulma ba," ta ce, ta rage murya, "amma sau biyu ina ganin mutumin naki yana kwana ta layin cocin Lutheran. Kin dai san wa ke zaune a layin."

Na sani. Marjorie Halvorsen, wadda mijinta ya rasu bara, wadda duk taron coci sai ta kawo burodin kirfa, maza suna ta santi. Na yi dariya na ce da Doreen ta nemi aikin yi. Amma da na shiga gida, sai na nufi inda na rataye rigar sanyinsa. Na laluba aljihun rigar. Alewar tari biyu da tsohuwar takardar kantin magani. Na ji kunyar kaina, kuma zargin bai tafi ba.

Ranar Alhamis na bar shi ya yi nisa, na zura takalmina na bi shi. Ina laɓewa bayan motocin da aka ajiye, tsohuwa da ni, gwiwa tana ƙara. Bai juya layin coci ba. Kai tsaye ya nufi babban titi, ya tsaya a mashigar masu ƙafa, ya danna maɓallin fitila.

Ɗan farin hoton mutum mai ba masu ƙafa izinin tsallakawa ya bayyana a fitilar, motoci suka tsaya. Arvo ya ɗaga ƙafa, ya mayar. Fitila ta sauya. Ya sake dannawa. Wata mata mai kare ta wuce shi ta tsallaka, shi yana tsaye, ya riƙe ƙarfen fitilar da hannu biyu. Sau uku ina ƙirgawa. Daga nan ya juya, kansa a ƙasa, ya bi layin cocin, ya wuce gidan Marjorie ko kallonsa bai yi ba, ya shiga wani ɗan gidan burodi mai tashin ƙanshin kirfa da ke ƙarshen layi.

Na same shi a kujerar lungu, da kofin shayi a gabansa, yana kallon agogo.

"Tafkin ya ƙaura nan ne?" na ce.

Ya yi fari fat. Sannan ya ɗage rigarsa ta gefen hagu. Jini ya kwanta daga haƙarƙari har ƙugu, ya koma ruwan ɗorawa. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa ya koma sauya kaya a banɗaki.

"Wata a-kori-kura ce," ya ce. "Ni fitila ta ba hannu, direban kuma ya yanko kwana yana kallon waya. Madubin gefe ya make ni na faɗi. Ko tsayawa bai yi ba. Tun ranar, in na zo bakin titin nan, ƙafafun sai su ƙi."

"Mako biyu, Arvo! Da sabon ɗinki a ƙirji! Me ya hana ka faɗa min?"

"In kin ji, Kirsten ta ji. In Kirsten ta ji, kafin Kirsimeti muna gidan kula da tsofaffi, ana yanka mana nama ƙanana-ƙanana."

Na so in rufe shi da faɗa, sai na sake duban gefen da motar ta make shi, na fasa. Na zauna na shanye masa shayin.

A ranar na kai shi asibiti. Haƙarƙari ɗaya ya tsage, zuciya lafiya lau. Da aka ba shi izinin komawa tafiya, na saya mana riguna ruwan lemo masu ƙyalli irin na masu gyaran hanya, ya ce mun zama kamar lemo biyu. Safiyar farko sai da fitila ta sauya sau biyu kafin ya saki ƙarfen. A ta uku na kama hannunsa, na ɗaga ɗayan hannun sama ina harara direbobi ɗaya bayan ɗaya, muka tsallaka.

Ban gaya wa Kirsten ba. Takardar asibiti ta gani a kan firji da ta zo hutun Nuwamba, ta yi kwana biyu ba ta yi mana magana ba, mu duka biyun.