Giɓin Gwaggo Nunzia

Gidan Gwaggo Nunzia shi kaɗai ne a duk gaɓarmu da garuruwa biyu ke rantsuwa nasu ne. Mutanen Sarnello, da ke arewa, sun ce iyakarsu ta haɗa da gidan har zuwa bishiyar ɓauren da ke bayan kicin. Mutanen Marbasso, da ke kudu, sun ce ƙarya ce tsagwaronta, tasu iyakar ta haɗiye gidan da lambunsa har bakin rijiya. Asalin rigimar wani rafi ne da ya raba su tun zamanin kakanni, wata shekara ya sauya hanya, daga baya ma ya ƙafe ya bar su da faɗa. Shari'ar tana kotu tun kafin a haifi Nunzia, ga ta yanzu da furfura da ciwon gwiwa.

Kada wani ya ce zai ji tausayinta a kan wannan, domin ta ci moriyar abin har ta lashe yatsa. Mahaifinta, wani masunci mai wayon tsiya, ya bar mata gidan da wasiyya guda: "Kome za a yi miki, kada ki faɗi ke 'yar wane gari ce." Ta riƙe kuwa. Da Sarnello ta jawo mata lantarki, mako bai zagayo ba Marbasso ta kawo famfo. Motar shara biyu ke tsayawa a ƙofarta, ita da ba ta cika kwando ɗaya. Ran Kirsimeti kwanduna biyu ake aiko mata, cuku da man zaitun, kowane gari na aika ɗan leƙen asiri ya gano girman na ɗayan. Ranar da mijinta ya rasu, ƙungiyoyin 'yan badujala biyu suka zo suna busa kan juna, kowane gari na roƙon a ba shi gawar. Allah ya taimake ta mutumin ɗan kan tudu ne, ta mayar da shi garinsu.

Sai teku ta fara matsowa. Ba da hayaniya ta zo ba. Rairayin da Nunzia ke shanya raga a kai tana yarinya ya tafi, inda ake kafa laimomin 'yan hutu ya bi shi, har ya zama duk lokacin sanyi kumfa na taɓa shingen tumatirinta. Gwamnati ta ce a gina katanga a tare ruwa, ta turo kuɗin aikin. Mutum mai hankali zai ce katanga ɗaya za a ja daga can zuwa can. To, ba ka san mutanenmu ba. Sarnello ta ɗauko ɗan kwangilarta ta zuba kankare sumul ta shafa masa shuɗi. Marbasso ta jibge manyan duwatsu, ta ɗara ta Sarnello da taƙi ɗaya. Sarnello ta ji labari ta ƙara taƙi biyu. Ta arewa ta taho ta tsaya cak a bakin rijiya, ta kudu ta taho ta tsaya a gindin ɓaure, domin daga nan ƙasar rigima ta fara. A tsakaninsu aka bar giɓi, a cikin giɓin kuma gidan Gwaggo Nunzia da labulensa masu furanni.

Wata injiniya, yarinya ƙarama mai gajeren gashi da aka turo duba aikin, ta shigo ta sha gahawa, ta leƙa ta taga, fuskarta ta canza.

"Gwaggo, kina da mazurari a kicin?"

"Wace mace ce ba ta da shi?"

"To a bakinsa kike zaune. Duk ruwan da katangun nan biyu suka kora, nan zai taru ya shigo. In ba a toshe giɓin nan kafin sanyi ba, gidan nan ba zai ga bazara ba."

Nunzia ta yi dariya har da dukan cinya. "'Yar nan, sha gahawarki. Kafin wata ya mutu za ki ga katanga biyu a nan, ɗaya bayan ɗaya, har sai na roƙe su su bar mini inda zan ga ruwa."

Washegari ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, ta ɗauki kwalbar tumatir, ta nufi ofishin Ottavio, magajin garin Sarnello. Mai kantin magani ne, siriri, kullum da ɗan ƙyalle yana goge tabarau. Ta san shi tun yana yawo da majina.

"Gwaggo da kanta! Ai da kin aiko na zo."

"Zauna, ɗan nan, ba daɗewa zan yi ba. Na zo ne in yi maka sallama. Na ji an ce ran Litinin Saverio, magajin garin Marbasso, zai turo tifofi ya gina mini katanga. To ka ga in mutum ya tare maka teku, ai kunya ba za ta bar ka ka ce ba ka san shi ba."

Ottavio ya cire tabarau. "Saverio? A ƙasarmu? Wannan mai tumbin?"

"Ni dai abin da na ji ke nan."

Daga nan ta hau bas ta sauka Marbasso. Saverio, magajin garin, yana zaune a farfajiyar otal ɗinsa yana cin soyayyen kifi da hannu biyu. Ta karanta masa irin karatun da ta yi wa wancan, ta sauya suna kawai. Ƙaya ta kusa maƙale masa.

"Ottavio? Wanda ko ƙusa bai iya bugawa? Gwaggo, je ki kwantar da hankalinki. In ya ajiye tsakuwa ɗaya a wurin nan, a canza mini suna."

Ta koma gida tana 'yar waƙa, ta matsar da tukwanen furanninta don kada tifa ta taka su.

Litinin ta zo, babu tifa. Abin da Nunzia ba ta lissafa ba shi ne, lantarki da famfo da cuku duk kyauta ce, ba sa zama shaida. Katanga kuwa gini ce, wanda ya kafa ta ya kafa hujja a gaban alƙali. Saboda haka maimakon kowa ya ruga wurin magina, sai kowa ya ruga wurin lauya. Sarnello ta samo umarnin kotu na hana Marbasso ajiye ko bulo ɗaya. Marbasso ta samo irinsa a kan Sarnello. Kowane gari ya turo ɗan doka da kujerar roba ya yi gadi. Na Sarnello ya zauna bakin rijiya, na Marbasso ya zauna gindin ɓaure yana tsinka yana ci. Kuma ita ce ke dafa musu taliya da rana, don ba za ta iya cin abinci mutane na kallon ta ba.

Da kaka ta shigo, ta ja ruwa a rijiya ta kurɓa ta tofar. Gishiri. Tumatirin ya yi rawaya ya kwanta. A nan ne tsoro ya kama ta, tsoro na gaske wanda ke hana mutum zama wuri ɗaya. A gidan nan aka haife ta, a nan ta yi aure, ba ta da ɗa ba ta da jika, ba ta taɓa kwana ƙarƙashin wani rufi ba. Ta ari baro, ta samo tsofaffin buhunan gari daga mai burodi, ta shiga cika su da rairayi tana jerawa a gaban shinge, tana yi tana riƙe ƙugu.

'Yan dokan biyu suka taso suna sosa ƙeya.

"Gwaggo, ki yi haƙuri," in ji na Sarnello. "Wannan gini ne."

"Ginin uwarka! Buhu ne."

"Buhu kan buhu ai gini ne, Gwaggo," in ji na Marbasso. "Kuma rairayin nan daga wane ɓangare kika ɗebo shi? In na arewa ne, mu ba mu yarda ba."

"In na kudu ne, mu ma haka."

Ta zage su, ta zagi iyayensu da kakanninsu, ta tuna wa na Marbasso ɓauren da ya ci. Suka sunkuyar da kai suna "Ki yafe mu, Gwaggo," suna kwashe buhunan, wannan ya kama kunne ɗaya wancan ya kama ɗaya. Tun da aka kafa garuruwan nan ba a taɓa ganin ɗan Sarnello da ɗan Marbasso sun ɗauki kaya ɗaya ba sai ran nan, kuma sun yi aikin da kyau, abin haushi.

Ta kwana tana neman gafarar mahaifinta, da safe ta karya wasiyyarsa. Ta shiga ofishin Ottavio ba ko sallama.

"Ni 'yar Sarnello ce. Ka ji? Kira wanda za ka kira ya shaida. Ku zo ku toshe mini giɓin nan."

Ottavio ya sumbaci hannunta, ya sa aka kaɗa ƙararrawar coci, aka ɗauki hotonta da tuta.

"Yaushe za a fara?" ta tambaya.

"Da zarar alƙali ya tabbatar, Gwaggo. Yanzu ai nasara a hannunmu take."

Kafin la'asar Marbasso ta kai ƙara cewa an ba tsohuwa magani an juya mata kai, ba ga shi Ottavio mai kantin magani ne ba? Hankalin Nunzia ya tashi, ta hau bas ta je ta faɗa wa Saverio cewa ita 'yar Marbasso ce, in dai shi zai gina. Shi ma ya sa aka kaɗa tasu ƙararrawar. Alƙali ya duba shaidu biyu daga baki ɗaya, ya ce lamarin na buƙatar nazari, ya ɗage zama sai bayan sanyi. Abin da ta shekara saba'in tana ɓoyo ta kashe shi a yini guda, bai saya mata ko shebur ɗin siminti ba.

Iskar kudu ta taso wata safiyar Lahadi, ana fitowa daga coci. Mutanen garuruwan biyu suka hau katangunsu da laimomi da wayoyi, kowa na son ganin ta ɗayan ta fashe. Babu wadda ta fashe. Raƙuman ruwa suka daki kankare suka zame, suka daki duwatsu suka zame, suka haɗu a tsakiya suka miƙe hanya.

Nunzia na tsaye a kicin ruwa ya buɗe ƙofa ya shigo kamar mai gida. Ta ƙi fita. 'Yan dokan nan biyu suka ɗora ta kan kujerar roba suka ɗauke ta cak, tana dukansu da ludayi, suka dire ta kan titi. Daga nan ta ga shingen ya tafi, ta ga baranda ta durƙusa, ta ga bangon ɗakin kwananta ya buɗe, gadonta ya fito ya juya sau ɗaya ya bi ruwa. Ta daina zagi. Ta zauna da ludayi a hannu tana kuka kamar ƙaramar yarinya, ba ta damu da wanda ke kallo ba.

Amma ruwan bai tsaya a gidanta ba. Ya haye titi ya rabu biyu. Rabi ya gangara arewa ya kwanta a filin ƙwallon Sarnello, wanda aka shimfiɗa wa sabuwar ciyawa. Rabi ya gangara kudu ya cika kicin da ɗakin ajiyar otal ɗin Saverio.

Kai, ka ga aiki! Ashe mutanenmu sun iya sauri. Lauyoyin biyu suka zauna kan gahawa suka gano cewa ƙasar da ake rigima a kai yanzu tana ƙarƙashin ruwa, abin da ke ƙarƙashin teku kuwa na gwamnati ne, don haka babu sauran abin faɗa. Katafiloli suka zo daga arewa da kudu, aka ja katanga ta bayan kangon, aka haɗa ta da ta can da ta can, rabi kankare rabi duwatsu. Kangon da rijiyar da kututturen ɓauren aka bar su waje, wajen teku. Ita kuwa Nunzia, 'yan kwana-kwana sun ajiye ta a wani ɗakin makarantar firamare da ke kan tudu, kan gadon sojoji, tsakanin ƙananan kujeru. Shugabar makarantar ta gaya mata da ladabi cewa ran Litinin yara za su dawo daga hutu.

Ran Lahadi aka buɗe katangar. Aka aiko mota ta ɗauko ta, aka sa mata rigar aro. 'Yan badujala sun haɗu suna busa waƙa ɗaya. Ottavio da Saverio suka rungumi juna, tumbin wannan na ture tabaran wancan, mata na share hawaye. Aka yaye wani allon dutse, an rubuta sunanta da manyan baƙaƙe: an sa wa wurin Katangar Nunzia.

"Uwarmu ce baki ɗaya," in ji Ottavio a lasifika. "Ita ta haɗa mu."

"Sadaukarwarta ba za ta tafi a banza ba," in ji Saverio. "Gwaggo, ga almakashi, yanke ƙyallen ki ce wani abu."

Ba ta karɓi almakashin ba. Ta taka matakala a hankali, gwiwa na ƙara, ta leƙa ta bayan katangar. Ruwan ya lafa, ya yi garau. Tana iya ganin daɓen kicin ɗinta a ƙasa, fari da kore, ƙananan kifaye na yawo a inda teburinta yake. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta sauko, ta jawo lasifikar zuwa bakinta.

"Gobe yara za su koma makaranta," ta ce. "A ina zan kwana?"

Ottavio ya cire tabarau ya shiga gogewa.

"To, Gwaggo, ai da bakinki kika ce ke 'yar Marbasso ce. Mu ba za mu shiga haƙƙin maƙwabta ba."

"Haba, ɗan'uwa," in ji Saverio, ya dafa kafaɗarsa. "Ai ku ta fara zuwa wa. Mu mun girmama wannan. Taku ce, mun bar muku."

"A'a, wallahi taku ce."

"Na rantse ba za mu karɓe muku ita ba."

Suna ta yi wa juna kara, murya ƙasa-ƙasa, cikin ladabin da ba a taɓa ji tsakanin garuruwan nan ba. Shugaban 'yan badujala ya ga abin ya yi tsawo, ya ɗaga sanda aka ci gaba da busa. Gwaggo Nunzia ta nemi gefen matakala ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya, tana jira su gama.